Wolf Szmuness: Ɗan gudun hijirar da ya tabbatar da rigakafin ciwon hanta

A shekarar 1969 wani dattijo ɗan shekara hamsin ya shiga Cibiyar Jini ta birnin New York yana neman aiki. Bai daɗe da sauka a Amurka ba, tare da matarsa da 'yarsu guda, kuma bai zo da wata dukiya ba. Yana da takardun digiri daga jami'o'i uku, a Rasha da Yukren da Folan, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ke ba shi izinin duba marar lafiya a sabuwar ƙasar, domin Amurka ba ta sakar wa likitan da ya yi karatu a waje mara sai ya sake bin matakanta daga tushe. Wani malamin kiwon lafiyar jama'a na Jami'ar Cornell, Walsh McDermott, shi ya sa baki har aka ɗauke shi. Aikin da aka ba shi kuwa shi ne na ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, mai jera kwalaben jini yana rubuta sakamako. Duk wanda ya san aikin gwamnati zai gane nauyin abin, domin daidai yake da a ɗauki darakta a mai da shi akawu.

Sunan mutumin Wolf Szmuness, ana furta shi kusa da Shumunes. Shekara goma sha uku kawai ya yi a Amurka kafin ajali ya cim masa. A cikin waɗannan shekaru ne ya tsara kuma ya jagoranci babban gwaji na farko da ya tabbatar cewa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana kare mutum, kuma yana cikin waɗanda suka fara nunawa da alƙaluma cewa wannan cuta tana bin mutane daga ƙasar haihuwarsu zuwa duk inda ƙaura ta kai su.

An haife shi a Warso, babban birnin Folan, ranar 12 ga Maris 1919, a gidan Yahudawa. Ya fara karatun likita a Italiya, ya koma gida wajen iyayensa gab da lokacin da Jamus ta mamaye Folan a watan Satumba 1939. Makonni kaɗan bayan haka sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo ta gabas, aka raba ƙasar biyu kamar yadda Hitler da Stalin suka shirya tun farko. A cikin wannan ruɗani ya rabu da danginsa. Shi ya faɗa ɓangaren Sobiyet, su kuma suka rage a hannun Jamusawa, waɗanda daga baya suka hallaka su cikin miliyoyin Yahudawan Turai da aka kashe. Ya yi ta matsawa gabas yana guje wa mayaƙan Jamus, har ya nemi hukumomin Sobiyet su ba shi makami ya shiga yaƙi. Amsar da ya samu ita ce tura shi Sibiriya a matsayin fursuna.

Ya yi shekara guda yana aikin ƙarfi a sansanin, sannan aka lura cewa ya taɓa karatun likita, aka ɗora shi kan kula da tsaftar wurin. A irin waɗannan sansanoni, inda ake cunkushe mutane cikin sanyi da yunwa, ƙwarƙwata da gurɓataccen ruwa sun fi bulala kisa, kuma magani kusan babu. Abin da ya rage wa mai kula da tsafta shi ne ya lura: wa ya kwanta, a wane ɗaki, yaushe, me ya ci, da wa ya kwana kusa. Wannan shi ne tushen ilimin bin diddigin cuta a cikin jama'a, kuma a nan ya koye shi tun kafin ya karanta shi a littafi. Daga sansanin aka ɗaga shi ya zama mai kula da annoba na gundumar baki ɗaya. An sake shi a 1946, ya ƙarasa karatun likita a Jami'ar Tomsk da ke Sibiriyar, ya ƙara digiri a wannan fanni a Jami'ar Kharkiv ta Yukren, ya auri wata Barashiya.

Ta dalilin matar nan ne ciwon hanta ya shiga rayuwarsa. An yi mata ƙarin jini, jinin yana ɗauke da ƙwayar cutar, ta kwanta har aka fid da rai. Ta tashi, amma mijin bai sake sakin wannan cuta ba har mutuwarsa.

A 1959 aka ba shi izinin komawa Folan. Ya zauna a Lublin, ya ƙara karatu a jami'arta, ya yi aiki a ma'aikatun lafiya na birni da na lardi. Abokin aikinsa na baya, Aaron Kellner, ya ruwaito cewa a wannan zamani ne aka tura shi hutu wani gidan shan iska na gwamnati, aka haɗa shi ɗaki da wani limamin Katolika mai suna Karol Wojtyła, suka shaƙu, suka daɗe suna musayar wasiƙu. Limamin shi ne ya zama Fafaroma John Paul na Biyu a 1978. Zaman Lublin bai ɗore ba. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, gwamnatin gurguzu ta Folan ta buɗe kamfe a kan 'yan tsirarun Yahudawan da suka tsira daga Hitler, abin ya yi ƙamari a watan Maris 1968, aka yi ta korarsu daga jami'o'i da soja da ma'aikatu. Kimanin mutum 13,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka biyo baya. A 1969 aka ba Szmuness izinin halartar wani taron masana a Italiya tare da iyalinsa. Daga can bai koma ba, ya nufi New York. Karo na biyu ke nan da ya bar duk abin da ya gina a baya.

Ya iso a kan gaɓa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa shawarar da ke sa ido da fitsari su yi ɗorawa iri biyu ce: wadda ake ɗauka ta ruwa da abinci, da wadda ake ɗauka ta jini. A 1942 sojojin Amurka kimanin 50,000 suka kwanta da shawara bayan an yi musu rigakafin zazzaɓin shawara da aka haɗa da ruwan jinin mutane. A 1947 wani likitan Ingila, MacCallum, ya raɗa wa nau'o'in biyu haruffan A da B. Amma ba wanda ya ga ƙwayar cutar, ba kuma hanyar gane wanda ke ɗauke da ita yana yawo lafiya ƙalau. Mutumin da ya buɗe ƙofar, Baruch Blumberg, ba ma ciwon hanta yake nema ba. Yawo yake a duniya yana tara jinin al'ummomi domin nazarin bambancin halitta, kuma yawon ya kawo shi Arewacin Najeriya a 1957, inda ya ɗebi jinin Fulani makiyaya. A jinin wani ɗan asalin Ostireliya ne ya ci karo da wani baƙon sinadari, ya buga labarinsa a 1965. A 1968 Alfred Prince, masanin ƙwayoyin cuta a Cibiyar Jini ta New York, ya nuna cewa wannan sinadari yana bayyana a jinin wanda ya kamu da ciwon hanta bayan ƙarin jini. Ashe ɓawon ƙwayar cutar ne. Ke nan a shekarar da Szmuness ya fara jera kwalabe, a ginin da yake jera su, an sami gwajin da ke iya nuna mai ɗauke da cutar, kuma dubban mutane na zuwa ba da jini kowane mako. Abin da ba a samu ba shi ne wanda ya iya karanta wannan tarin sakamako ya fitar da ma'ana.

Cikin shekara biyu aka ba shi ɗakin bincikensa. Daga baya aka buɗe masa sashe na musamman a cibiyar, Jami'ar Columbia kuma ta ba shi muƙami a makarantarta ta kiwon lafiyar jama'a. Salon aikinsa bai canza daga na Sibiriya ba, kayan aiki ne kawai suka ƙaru. Ya bi cutar zuwa gidajen da ake tsare masu naƙasar ƙwaƙwalwa, inda take yaɗuwa tsakanin yara. Ya bi ta zuwa cibiyoyin wankin ƙoda goma sha biyar a faɗin Amurka, ya nuna yadda take kama marasa lafiya da ma'aikatan da ke kula da su. A 1973 ya buga binciken da ya nuna cewa idan an sami mai ɗauke da cutar a gida, akwai yiwuwar a sami wasu cikin danginsa na jini. A 1975 ya fitar da hujjar cewa tana bin saduwa, abin da har lokacin likitoci da yawa ba su ba shi muhimmanci ba, domin sun ɗauka sai ta allura ko ƙarin jini kawai ake kamuwa.

Amma tambayar da ta fi jan hankalinsa ita ce wadda take kan kowace takardar mai ba da jini, wadda shi kansa ya sha amsa ta a iyakoki: ina aka haife ka? New York gari ne na baƙi. Cikin masu ba da jini akwai Baturen da kakanninsa suka yi ƙarni a Amurka, akwai wanda ya zo daga tsibiran Karibiyan, akwai ɗan Sin, akwai ɗan kudancin Turai. Sakamakonsu bai zo ɗaya ba. A cikin fararen fata haihuwar Amurka, masu ɗauke da cutar ba su kai ko mutum ɗaya cikin ɗari ba. A cikin waɗanda suka fito daga Asiya abin ya ninka haka sau da yawa. Ya shiga cikin al'ummar Sinawa mazauna New York ya gwada su, ya buga sakamakon a 1978: suna ɗauke da cutar a matakin da ya fi kusa da na ƙasar asalinsu fiye da na maƙwabtansu Amurkawa, kuma cutar dajin hanta tana kashe mazansu fiye da yadda take kashe fararen fata. Shekarun da suka yi a Amurka, da ruwan famfo mai tsafta, da asibitoci masu kyau, ba su goge abin da suka ɗauko tun suna goye ba.

Dalilin yana cikin halin ƙwayar cutar kanta. Baligin da ya kamu da ita yana iya yin zazzaɓi da shawara, amma yawanci jikinsa yakan yaƙe ta, ya warke. Ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zaunar musu. Jaririn da ya ɗauka daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa kuwa ba ya nuna wata alama, amma a cikin goma, kusan tara za su riƙe ta har tsufa. Garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, sai ta karɓi cutar kamar wani ɓangare na jiki. Haka za ta zauna shekara talatin ko arba'in tana cin hanta a hankali, mutum yana noma, yana aure, yana haihuwa, yana ketare teku, har ranar da ciki zai kumbura ko a gano ƙari. A ƙasashen da cutar ta yi katutu, wato gabashin Asiya da Afirka kudu da Sahara, yawancin masu ita a wannan mataki na yarinta suka ɗauka, ko daga uwa ko daga sauran yaran gida ta hanyar ƙurji da rauni da aska ɗaya. Saboda haka idan an gwada baƙo aka same shi da ita, abin da sakamakon ya fi faɗa shi ne inda aka haife shi da shekarar da aka haife shi. Ba ya cewa komai game da ɗabi'arsa. Wannan magana ce da har yau take buƙatar maimaitawa a wuraren gwajin aure da na ɗaukar aiki, inda takarda ɗaya takan rusa baiko ko ta hana mutum abinci.

Binciken ya kai tawagar cibiyar har Afirka ta Yamma. Tare da Prince da likitocin Dakar, Szmuness ya fitar da nazarin yaɗuwar cutar a Senegal a 1973, bayan shekara biyu kuma suka kwatanta masu dajin hanta da waɗanda ba su da shi a can, suka ga cewa ƙwayar cutar ta fi yawa ainun a cikin masu dajin. A 1978 ya tattara hujjojin duniya a wata doguwar maƙala, ya tsaya kan cewa ciwon hanta nau'in B shi ke haddasa dajin. Hujjar da ta rufe bakin masu musu ta fito a 1981 daga Taiwan, inda Palmer Beasley ya bi sawun maza 22,707, ma'aikatan gwamnati ne kuwa, ya tarar cewa masu ɗauke da cutar sun fi sauran haɗarin dajin hanta fiye da sau ɗari biyu.

Rigakafin ya fito daga kamfanin Merck, daga hannun Maurice Hilleman. Dabararsa mai ban tsoro ce a ji: a ɗebi jinin masu ɗauke da cutar, a tace ɓawon ƙwayar da babu rai a cikinsa, a bi shi da sinadarai uku ɗaya bayan ɗaya domin kashe duk wani abu mai rai da ya maƙale, sannan a yi wa mai lafiya allurarsa, jikinsa ya koyi gane abokin gaba kafin ya zo. An gwada a kan birai, an gwada a kan mutane ƙalilan, an ga ba ya cutarwa. Ko yana karewa? Wannan sai an gwada shi a kan jama'a masu yawa waɗanda cutar ke kamawa da sauri, in ba haka ba za a yi shekaru ana jira ba a ga bambanci ba.

A nan tarihin wannan cuta yana da tabo da Szmuness ya sani sarai. A makarantar Willowbrook da ke New York, tun daga tsakiyar shekarun 1950, Saul Krugman da abokan aikinsa sun riƙa sa wa yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa ƙwayar ciwon hanta da gangan domin nazari. An sami ilimi mai yawa daga wannan aiki, an kuma bar abin kunya da har gobe ake koyar da shi a darasin ɗa'ar likitanci. Mutanen ƙasar nan da suka tuna gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da irin rashin yardar da ya bari a zukata, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Szmuness ya nemi baligai masu hankalin kansu, waɗanda za a yi wa bayani su amince ko su ƙi.

Binciken da ya yi tun farko ya nuna masa inda zai same su. A cikin maza masu tarayya da maza 'yan uwansu a New York, cutar tana yaɗuwa fiye da kowane rukuni da ya gwada. Mutane ne da hukuma da asibitoci suka saba wulaƙantawa, ba su da dalilin yarda da wani farfesa mai baƙon harshe da ke neman sunansu da adireshinsu da jininsu. Ya bi ta hannun ƙananan asibitocin da suka kafa wa kansu, ya ɗauki wasunsu aiki a tawagarsa, ya tsare sirrin sunayensu. Wanda ya taɓa zama lamba a rajistar sansani ya san abin da mutum ke tsoro idan an ce ya rubuta sunansa. An gwada jinin fiye da mutum 10,000 kafin a zaɓi 1,083 waɗanda cutar ba ta taɓa kama su ba.

An fara a watan Nuwamba 1978. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: 549 suka sami rigakafin gaske, 534 suka sami allurar wofi mai kama da shi. Mai allurar bai san abin da ke cikin sirinjinsa ba, wanda ake yi wa bai sani ba, shi kansa Szmuness bai sani ba, lambobi ne kawai a kan kwalabe. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida. Sai aikin da ya fi wuya, wato a riƙe samari fiye da dubu a birni kamar New York, masu sauya gida da aiki, su riƙa dawowa ana ɗibar jininsu wata bayan wata. Da wasiƙa da tarho da bi har gida aka riƙe su. Mataimakiyarsa a wannan aiki ita ce Dakta Cladd Stevens, wadda ta yi aiki da Beasley a Taiwan kan yadda cutar ke bi daga uwa zuwa jariri.

Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta New England ranar 9 ga Oktoba 1980. Bayan allura ta uku, kashi 96 cikin ɗari na waɗanda suka sami rigakafin sun samar da garkuwa. A cikinsu waɗanda suka kamu da cutar ba su wuce kashi 1.4 zuwa 3.4 ba, gwargwadon ma'aunin da aka bi, alhali a rukunin allurar wofi sun kai kashi 18 zuwa 27. Rigakafin ya rage kamuwa da abin da ya kai kashi 92 cikin ɗari. Cikin waɗanda jikinsu ya amsa allurar, babu ko ɗaya da ya kwanta da cutar. Akwai kuma wani ɗan abu da ido marar haƙuri zai iya tsallakewa: bambancin rukunin biyu ya fara bayyana tun kwana 75 da farawa. Tun da cutar tana ɗaukar watanni kafin ta nuna kanta, wannan yana nufin allurar ta taimaki har wasu da ƙwayar ta riga ta shiga jikinsu. A kan wannan fahimta aka gina begen cewa za a iya ceton jaririn da aka haifa cikin jinin uwa mai cutar, muddin an yi masa allura da wuri. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da rigakafin a watan Nuwamba 1981, da sunan Heptavax-B.

Murnar ba ta yi nisa ba. A watan Yuni 1981 aka fara ba da rahoton wata baƙuwar cuta da ke karya garkuwar jikin samari a Los Angeles, ba da daɗewa ba aka gan ta a New York, a cikin rukunin mutanen da Szmuness ya yi aiki da su. Ita ce daga baya aka sani da ƙanjamau. Tun da daga jinin mutane aka yi rigakafin, tsoro ya kama jama'a, har likitoci da yawa suka ƙi karɓarsa, kuma aka haifi jita-jitar cewa gwajin ne ya kawo cutar, jita-jitar da har yanzu take yawo a intanet. Amsarta ta fito daga firjin Szmuness. Ya saba ajiye ragowar kowane jini da ya ɗiba, da lamba da kwanan wata. Da aka sami hanyar gwada ƙanjamau, aka narkar da waɗannan kwalabe, aka tarar ƙwayar tana cikin jinin wasu tun a 1978 da 1979, a samfurin da aka ɗiba kafin allura ta taɓa su. An kuma tabbatar cewa matakan Hilleman suna kashe ƙwayar ƙanjamau. A 2016 masana suka sake komawa ga irin waɗannan tsofaffin samfura, suka nuna cewa ƙwayar ta shigo New York tun wajen 1970.

Bai ga wannan wankewa ba. Dajin huhu ya kama shi, ya mutu ranar 6 ga Yuni 1982 yana da shekara 63. Gwajinsa na biyu, wanda ya yi a kan ma'aikatan cibiyoyin wankin ƙoda, ya fito a watan Disamba na shekarar, sunansa na kan gaba, shi kuwa yana ƙasa.

Waɗanda suka fi buƙatar rigakafin su ne suka fi jinkirin samunsa. Allura ukun sun kai kimanin dala ɗari, kuɗin da ya fi ƙarfin kasafin lafiyar yawancin ƙasashen Afirka da Asiya na lokacin. A Amurka ma an fara ne da yi wa baligai da ake ganin suna cikin haɗari, kuma shekaru suka wuce adadin masu kamuwa bai sauka yadda aka zata ba. A daidai wannan zamani ne 'yan gudun hijira daga Biyetnam da Kambodiya da Laos suke ta kwarara cikin ƙasar bayan faɗuwar Saigon a 1975, kuma gwaji ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin goma a cikinsu yana ɗauke da cutar. Stevens, wadda ta gaji aikinsa a cibiyar, ta jagoranci gwaji a kan jariran mata 'yan asalin Asiya mazauna Amurka, ta buga a 1985 cewa rigakafin, haɗe da allurar garkuwa da ake yi a ranar haihuwa, yana kare mafi yawansu. Wani bincike a jihar Georgia a 1989 ya nuna cewa 'ya'yan 'yan gudun hijirar da aka haifa a Amurka suna kamuwa ko da uwayensu ba su da cutar, daga sauran mutanen gida. A 1988 aka ba da shawarar gwada kowace mai ciki, a 1991 aka koma yi wa dukkan jarirai. Taiwan ta riga kowa, ta fara shirinta na ƙasa tun 1984. Gambiya ta fara nata a 1986, shekarar da aka fito da sabon rigakafin da ake sarrafawa daga yis ba daga jinin mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowace ƙasa ta sa shi cikin rigakafin yara a 1992. A Najeriya sai a 2004 ya fara isa asibitoci a cikin shirin ƙasa.

Wanda duk aka haifa a ƙasar nan kafin wannan shekara, wato kusan kowane ma'aikacin da ke bakin aiki a yau, ya wuce yarintarsa babu wannan kariya. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya sami kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita a duniya a 2022 sun kai miliyan 254, mafi yawansu ba su san suna da ita ba, ko da yake akwai magunguna irin su tenofovir da ke danne ƙwayar su rage haɗarin daji. Tun 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shawarci likitoci su gwada duk wanda aka haifa a ƙasar da masu cutar suka kai kashi 2 cikin ɗari, jerin da ya haɗa da Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan. Fiye da rabin masu ɗauke da cutar a Amurka a yau a wasu ƙasashe aka haife su.